Zaman Makokin Wan Bajamushe

Kafin gwiwoyina su yi mini tawaye, sana'ata tura arabiyya ce a Harami, wato keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa ƙarfi a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Da za a haɗa tafiyar da na yi tsakanin Safa da Marwa a miƙe ta, da tuni na isa Kano na gaida dangi na dawo. Ban taɓa zuwa Kanon ba. Kakana ne ya baro ta a ƙafa, aka haifi ubana a hanya cikin Cadi, ni kuma a Sudan, inda na yi karatun boko mai zurfi har aji uku, kafin ni da malamin lissafi mu fahimci juna mu rabu lafiya. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san da masani yake tare.

Wata shekara, kafin annobar nan da ta sa aka rufe Harami, aka haɗa ni da wani tsoho da ya zo umra shi kaɗai. Dogo ne, fari fat, kana iya ƙirga jijiyoyin hannunsa, ya kai tamanin ko ya ɗara. Na fara yi masa irin Larabcin da nake yi wa baƙi, rabi da baki rabi da hannu. Sai ya dube ni ya ce, "Ya zol, kef halak?" Wato, mutumina, yaya kake? Saura kaɗan in saki arabiyyar. Larabcin Sudan tsantsa, irin na kasuwar da na girma a cikinta, yana fitowa daga bakin Bature.

Ashe Bajamushe ne. Ya yi shekaru a Sudan yana gyaran injinan ban ruwa, a can ya musulunta, a can ya yi aure, matar ta riga shi gidan gaskiya. Duk hirar da zan kawo a nan da wannan Larabcin muka yi ta, ni ne na mayar da ita Hausa, kuma ban ƙara gishiri ba sai inda ya zama dole.

Abin da na sani game da Jamus a lokacin bai taka kara ya karya ba. Na san suna ƙera mota mai ƙwari, na san suna da rediyo mai jin Hausa, na kuma san sun taɓa yin wani shugaba mai ɗan guntun gashin baki wanda ya tsokano duniya gaba ɗaya. Ubana yakan ce a zamanin yaƙinsa har yadin likkafani sai da ya yi wuya. Iyakar tarihina ke nan, kuma da shi nake kafa hujja a majalisa.

Muka saba da tsohon nan. Kullum ni nake ɗauko shi daga masauki. Ina ce masa Alhaji Bature, shi kuma yana ce mini ya Hajj. Mutum ne mai gardama a kan arabiyya. In na yi sauri ya ce, "Ya Hajj, wa ya biyo ka?" In na rage ya ce, "Ko na sauko in tura ka?" Na ce masa a duk ƙasashen da na tura, Jamus ce ta fi nauyin baki.

Ana gab da ya koma sai ya ce abincin masauki ya ishe shi, ful yake marmari, wato dafaffen waken nan, na gaskiya, mai man riɗi, ba wanda ake zubawa a faranti mai ado ba. Na ce in dai ful ne, unguwarmu za mu. Bayan la'asar na naɗe arabiyya a bayan tasi muka nufi unguwar tamu, Mansur. Ya ci ful da gurasar tamis har yana suɗe yatsa, masu shago suna leƙowa suna kallon Baturen da ke cewa a ƙaro barkono.

A hanyar komawa bakin titi muka bi ta wani lungu. An jera kujeru layi biyu, an ja igiyar fitilu daga wannan bango zuwa wancan, ana zuba gahawa.

"Biki ake yi?" ya tambaya.

"Mutuwa aka yi. Wannan aza ce, zaman makokin mutanen Makka. Waɗancan na jere su ne masu rashi. Kowa ya zo sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya dafa kafaɗa ya ba da haƙuri."

"Duk waɗannan sun san mamacin?"

"Ina fa. Wani ma wucewa ya zo yi ya ga fitila. Ai ba sai ka san mutum ba."

Ya ce in tsaya. Na ja birki a gefen bango. Ya daɗe yana kallon mutane suna shiga suna fita, har na fara tunanin ko ful ɗin ne ya taɓa shi.

"Ina da wa," ya ce. "Ya girme ni nesa, ni ne auta. Yana jami'a lokacin yaƙin nan da ka ce ubanka ya ba ka labari. Wasu ɗalibai a wani gari suka riƙa rubuta takardu suna watsawa a ɓoye, suna cewa gwamnati tana kashe bayin Allah da sunanmu, kowa ya farka. Aka kama su aka sare musu kai. Ɗaya daga cikin takardun ta faɗo hannun wana. Maimakon ya jefa ta a murhu kamar yadda masu hankali suka yi, sai ya zauna ya riƙa kwafe ta da keken rubutu yana aika wa mutane ta gidan waya."

"Bindiga fa?" na ce.

"Ba shi da ita."

"Ko 'yar wuƙa?"

"Ya Hajj, dankali ma bai iya ferewa ba."

Na shiga auna gwamnati mai jiragen yaƙi da tankoki tana jin tsoron yaro da keken rubutu. A iya karatuna ban gano lissafin ba, kuma na tabbata malamin da muka rabu da shi ma ba zai gano ba.

Ya ci gaba. Wani ɗan ajinsu ya kai tsegumi, aka zo aka tafi da shi. Bayan watanni aka ce ya mutu a kurkuku, wai ciwo. Gawa ba a ba su ba, kwat ɗinsa da takalmansa kawai aka aiko a ƙunshe. Aka hana su sanarwa a jarida, aka hana uwar sa baƙaƙen kaya kamar yadda suke yi in an yi musu rashi, aka kori uban daga aikin koyarwa.

"A al'adarmu," ya ce, "in an yi mutuwa mutane sukan zo gida a sha gahawa a ci ɗan kek. Uwata ta tattara sukarin da ta daɗe tana ɓoyo ta gasa. Ta jera kujeru, ta bar ƙofa a buɗe kaɗan. Muka zauna, ni da ita da ubana. Ba wanda ya shigo. Matar da ta goya wana yana jariri, in ta hango uwata sai ta tsallaka titi."

"Da yaƙin ya ƙare fa?"

"Da farko tsoro ya hana su, daga baya kunya. Can kuma aka ce yaran jarumai ne, aka yi jawabai, aka sa wa tituna sunayen waɗanda aka fi sani. Amma jawabi daban, gaisuwa daban. Uwata ta mutu ba wanda ya taɓa riƙe hannunta ya ce mata sannu da rashi. Yanzu ni kaɗai na rage da na san fuskarsa. Yalla, tura mu tafi."

Na mayar da shi masauki na dawo gida. Kuskuren da na saba yi shi na sake yi, wato na ba Hajiya labari. Matata ce, Bakanuwa ta gaske, ba irina ba da na gaji Kano a baki. Tana juya miya tana saurare.

"Me maƙwabta suka kai musu?" ta ce.

"Wane maƙwabta?"

"Abincin gidan mutuwa mana."

"Hajiya, ba ki ji ni ba ne? Ba wanda ya je."

Ta ajiye ludayi. "Ko a bakin ƙofa? Ko a aiko da gaisuwa?"

"Ko kyanwa."

"Kai kuma da ya gaya maka, me ka ce masa?"

Na yi tunani. "Na ce ya riƙe hannun arabiyya, akwai gangara."

Kallon da ta yi mini ba zan iya rubuta shi ba, babu harafinsa a aji uku. Ta ce tunda labari ya iso kunnenmu, ya hau kanmu, za a yi wa bawan Allah zaman makoki gobe. Na gyara zama na kawo mata hujjoji irin na masana. Na ce mutuwar nan ta haura shekara saba'in. Na ce yaron ba musulmi ba ne. Na ce askarawa suna kamen marasa igama, wato izinin zama, a makon nan, shekaranjiya ma sun ɗauke telan bakin lungu, kuma rabin maƙwabtanmu ba su da takardar zama ko ta naɗe ƙosai.

"Malam," ta ce, "biyun farko ka kai wa liman. Na ukun ka bar wa mata."

Limaminmu mutumin Damagaram ne, ba ya gaggawa ko a kan gobara. Ya saurare ni yana tsefe gemu. Ya ce ta'aziyya haƙƙin mai rai ce, tsohon nan kuwa musulmi ne, ɗan'uwanmu. Za a roƙa masa haƙuri da lada. Amma shi mamacin, al'amarinsa yana wurin Ubangijin da ya fi mu saninsa, a nan harshe zai tsaya, kada a wuce.

"To lokaci fa, Allah gafarta malam? Na ji ana cewa bayan kwana uku ba a tada gaisuwa."

"Sai in mai gaisuwar ba ya nan lokacin da aka yi rashin. Kai kana ina?"

"Ba a haife ni ba."

"To ba ka nan ke nan. Ban san wani uzuri da ya fi wannan ƙarfi ba."

Washegari na gaya wa Alhaji Bature. Ya ce a'a, kada a wahalar da mutane saboda tsohon zance. Na ce ba a hannuna yake ba, an riga an jiƙa shinkafa. Da ya ci gaba da gardama na tuna masa cewa wanda ke kan arabiyya ra'ayi kawai yake da shi, hanya tana hannun mai turawa.

Daga nan ne na nuna gwaninta. Na ce ba za a yi wa baƙon Jamus makokin talakawa ba. Na tafi unguwar Rusaifa wurin wani abokina mai ba da hayar kayan taro, na kwaso kujeru da igiyar fitilu mafi tsawo da yake da ita. Na jera kujerun a lungu, na ja fitilu tun daga ƙofarmu har bakin titi. Da na kunna su don gwaji, Hajiya ta leƙo.

"Filin jirgi za ka buɗe?"

Na ce mata harkar maza ce, ita ta ji da tukunya.

Bayan magariba muka zaunar da tsohon a kujerar mai rashi. Ya sa farar jallabiya, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran likita. Ni ina damansa, liman yana hagunsa. Lungu ya yi haske tar, ko allura ka yar za ka gani. Ba kowa. Hajiya ta bi gida gida tun da safe, kowa ya ce in sha Allahu, amma ga shi ko inuwar mutum babu. Ina jin motsi a bayan ƙofofi, ina ganin labule yana ɗagawa yana sauka. Gahawa ta huce aka mayar kan wuta, ta sake hucewa. Liman ya ja carbi har ya gaji ya koma kallon farcensa.

Ban taɓa jin nauyin kujera marar kowa ba sai ranar. Na ɗauko mutum daga masaukinsa lafiya lau, na kawo shi na sake zaunar da shi a irin zaman da ya yi yana ƙarami.

"Kada ka damu, ya Hajj," ya ce a hankali. "Na san irin wannan zaman. Wannan ma ya fi, ga ku ku biyu."

Sai ga Hajiya ta fito, ba ta kalli kowa ba. Ta miƙe zuwa bango ta fizge wayar fitilun. Lungu ya koma duhunsa na kullum.

"Ku kwaso kujerun ku shigo hosh," ta ce. "Malam, mutumin da ba shi da igama ka kunna masa rana a ka, ka ce ya zo ya zauna ana hango shi daga titi? Wannan shi ne harkar mazan?"

Liman ya yi tari ya ɗauki kujera biyu. Ni ma na ɗauka, saboda masani ya san lokacin ɗaukar kujera. Muka shiga hosh, wato tsakar gidan da muke tarayya da maƙwabta, mai ƙwan fitila ɗaya tal. Hajiya ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce, "An kashe!"

Wanda bai zauna a Mansur ba bai san yawan ƙofofin da gida ɗaya yake da su ba. Wasu suka shigo ta ƙofar baya, wasu suka sauko ta matakalar soro daga rufin maƙwabta, wasu suka ɓullo ta shagon telan da aka kama, wanda ƙaninsa ya buɗe musu. Direbobi, wanzami, masu sharar tantuna a Arfa lokacin aikin hajji, samarin nan haihuwar Makka da Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Mata suka taru a bayan labulen da aka ja a gefe.

Wadda ta fara isa gabansa wata tsohuwa ce Basakkwata mai sayar da hatsin tantabaru, wadda ta wuce shekarun labule. Ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?"

Ya dube ni. Na raɗa masa cewa ya ce da godiya. Ya faɗa da Hausar da ta karkace kamar tayar arabiyyata ta hagu.

Tsohuwa ta ɗaga hannu ta ɗauko addu'ar da bakin kowane Bahaushe ya saba da ita a gidan mutuwa. Liman ya yi gyaran murya. Ta tsaya, ta juyo ta harare shi.

"Malam, na jiya. Ba sai ka shaƙe ba." Ta koma ga tsohon. "Allah shi ba ka haƙuri, shi ba ka lada. Yaron kau, wanda ya halicce shi ya san abin da ya yi."

Maza suka yi layi irin na Makka, kowa ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya girmama lada. Wani direba da bai ji bayanin da kyau ba ya tambaya ko an riga an kai shi. Da aka gaya masa shekarun, ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi. A yi mana afuwa, labari bai iso mu da wuri ba."

Tsohon yana ta kallon ƙofar bayan nan da mutane ke sunkuyowa ta cikinta. Can ya matso kunnena.

"Mu ma gidanmu yana da ƙofar baya," ya ce.

Na ce masa kada ya tsananta wa mutanensu. Namu in an kama su jirgi za a sa su a mayar gida, nasu kuwa wuya ake nema. Ya gyaɗa kai, ya ce ya sani, ya daɗe da sani. Amma bai daina kallon ƙofar ba.

Da aka zubo shinkafa, tsohuwar tantabaru ta jawo tabarmarta kusa, ta ce in tambaye shi wane irin yaro ne marigayin. Ya gyara murya ya fara bayani a kan gaskiya da 'yanci da ƙin zalunci, da ka ji ka san ya sha faɗa a gaban taro. Ina fassarawa, ta katse ni.

"Ba wannan ba. Yana da ci? Yana bugunshi?"

Na mayar masa. Sai ya tuntsire da dariya. Ya ce ci kam ba a magana, har na kwanonsa yake ɗauka in uwarsu ta juya baya. Ya ce kunnuwansa manya ne, hula ba ta rufe su. Ya ce yakan ɗora shi a gaban keke su gangara tudu yana rera waƙa da muryar da ke sa karen maƙwabta haushi. Yana cikin kwatanta yadda karen yake yi sai muryar ta karye. Ya rufe fuska da hannuwan nan masu jijiya, kafaɗunsa suna rawa.

Na yunƙura zan ce ya yi haƙuri, Hajiya ta ce daga bayan labule, "Bar shi." Aka bar shi. Ba wanda ya tashi sai wanzami da ya matso ya riƙe masa hannu har ya gama. Ni ban yi kuka ba. Turaren wutan Hajiya ne, kowa a lungun nan ya san ƙarfinsa.

Da aka kira isha'i mutane suka fara zamewa ta inda suka fito. Hajiya ta aiko a gaya masa cewa zaman makoki kwana uku ne, gobe ma a dawo da shi. Ya ce jirginsa da safe ne. Aka yi shawara ta bayan labule, wadda ba a nemi ra'ayina a cikinta ba, aka yanke cewa tunda mai rashi zai yi tafiya, sai wani na kusa da shi ya zauna a madadinsa. Aka duba duk Makka ba a sami wanda ya fi mai tura shi kusa da shi ba. Tsohon ya kama hannuna da nasa biyu ya ce ya ba ni amanar wansa.

Haka na zauna sauran kwanakin a kujerar mai rashi, da hulata ta Juma'a, ina karɓar gaisuwar yaron da ya mutu tun ba a haife ni ba, a ƙasar da ban san ko ta gabas take ko ta yamma ba. Kuma an zo, har daga wasu unguwanni, don labari ya zaga. A rana ta ƙarshe wani dattijo mai sayar da asuwaki ya shigo, bai san komai ba, ya dai ji an ce ana zama a gidanmu. Ya dafa kafaɗata ya zauna.

"Ɗan'uwa ne?"

"Wan abokina ne."

"Allahu akbar. Jinya ya yi?"

"A'a," na ce. "Magana ya yi."

Ya jinjina kai, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya shanye gahawarsa, ya ɗauki dabino biyu ya fita ta baya.